Tsakanin "To" da "Na Yarda"

Babu kalmar da ta kai "to" ɗaukar kaya a bakin Bahaushe. Uba ya ce wa ɗansa gobe da asuba za a tafi gona, ɗan ya ce to. Mai kanti ya yanka maka kuɗin da ya fi ƙarfin aljihunka, ka ce to, ka juya ka fita. A kawo maka labarin rasuwa, ka ce to, Allah ya jiƙan rai. Ta farko biyayya ce, ta biyu sallama, ta uku miƙa wuya ga abin da ba ka da iko a kansa. Akwai mai ja, wadda ke nufin ina jinka, ci gaba. Akwai gajeriya mai kaifi, wadda ke nufin ka ishe ni. Amma idan mai bincike ya shigo gari da takardarsa, ya karanta wa saurayi ko budurwa bayanin da ke ciki, ya tambaya ko an yarda a ɗauki hoto, aka ce masa to, gurbi ɗaya tak takardar ta tanada, kuma abin da aka rubuta a gefen gurbin shi ne "ya amince".

Akwai wani salon bincike da ya yi tashe a jami'o'i da ƙungiyoyin agaji, wanda ake damƙa wa mutane kyamara a ce su ɗauko rayuwarsu da hannunsu. A farkon shekarun 1990 Caroline Wang da Mary Ann Burris suka raba kyamarori ga matan karkara a lardin Yunnan na ƙasar Sin, matan suka ɗauko aikin gona da ɗiban ruwa da renon yara, aka baje hotunan gaban jami'an gwamnati. A 1997 suka raɗa wa dabarar suna mai ma'anar muryar hoto. Niyyar mai kyau ce: wanda takalmi ke matsa wa shi ya san inda yake ciwo, a bar shi ya nuna. Daga nan salon ya bazu duniya, kuma matasa ne aka fi nufa da shi, don su ne masu rawar jiki da na'ura.

Yau ba sai an raba kyamara ba, tana aljihun kowa. Mai binciken ma ba lallai ya zama Baturen da ya sauka daga jirgi ba. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, tana da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, Babura kuma ta samu jami'ar fasaha ta tarayya a 2021. Ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu, da ma'aikacin ƙungiya da ofishinsa ke jiran hotuna don rahoton ƙarshen wata, 'ya'yanmu ne, Hausarsu ta gado ce. Sun san "to" kala-kala ce. Takardar da ke hannunsu ce ba ta sani ba, su kuma sukan bar ta ta yi musu jagora saboda hakan ya fi sauƙi.

Mu bi hanyar da baƙo ke bi kafin ya kai ga matashin. Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi duk ƙasar Masarautar Kazaure ce, wadda Ɗan Tunku ya kafa a 1819. Babura tana bin Ringim. Ko ta ina ka shiga, tsarin ɗaya ne: wasiƙa daga ƙaramar hukuma, gaisuwa wurin hakimi, hakimi ya haɗa ka da dagaci, dagaci ya tura ka ga mai unguwa, mai unguwa ya aika yaro ya kirawo samari. Wannan ladabi ne, kuma daidai ne, gari da masu shi. Wanda ya tsallake su ya kutsa unguwa da kyamara, duk abin da ya same shi shi ya saya. Sai dai abin da ke gangarowa ta wannan matakala sunansa izini. Izini daga sama yake saukowa, mai iko da wuri ne yake ba da shi. Yarda kuwa daga cikin mutum take fitowa, kuma ba a aiko ta da ɗan aike. Lokacin da aka tara samarin a ƙofar gidan mai unguwa, mai unguwa na zaune, baƙo na gefensa a kan kujera, an riga an sha lemo, an ambaci kuɗin mota, tambayar "kun yarda?" ta zama irin tambayar da liman ke yi bayan an gama yanke sadaki. Wa zai ɗaga hannu?

Doka ta ce wanda ya cika shekara 18 ya mallaki kansa, sa hannunsa ya wadatar. Gida bai san da wannan zance ba. Saurayi ɗan shekara 22 da ke noma tare da mahaifinsa a wani ƙauyen Roni yaro ne har ranar da aka ɗaura masa aure, wani lokacin ma har bayan nan. Budurwa tana ƙarƙashin iyaye, amarya 'yar 19 tana ƙarƙashin miji da suruka, gardi yana ƙarƙashin malaminsa. Mai binciken da ya tsaya kan doka kaɗai ya jefa yarinyar cikin rigima da gidansu, shi ya hau mota ya tafi. Wanda ya tsaya kan gida kaɗai ya karɓi yardar uba ya rubuta ta da sunan 'ya. Dole a nemi duka biyun, kuma ba a zama ɗaya ba.

Bahaushe bai cika cewa a'a ba, musamman ga babba ko baƙo. Yana da kara, wato ya yi maka abin da ransa ba ya so don kada ya ba ka kunya. Yana da kawaici. Amma yana da hanyoyin ƙi masu yawa, duk wanda ya tashi a cikinmu ya san su. "Sai na yi shawara." "Bari Baba ya dawo daga kasuwa." "Allah ya kai mu." Ranar da aka sa a dawo da hotuna, wayar ba caji, ko ƙane ya goge su, ko an aike ta unguwa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan cikakkiyar amsa ce, an dai lulluɓe ta ne don a rufa wa mai tambaya asiri. Abin takaici, shi sai ya ɗauke ta matsalar shiri, ya sayo caja, ya sake sa rana, ya bi yarinyar har gida da fara'a. Nacinsa ya ƙure mata hanyoyin gudu ɗaya bayan ɗaya har ta rasa abin cewa sai to.

Shiru ma haka. Mun taso muna jin cewa a babin aure shirun budurwa izini ne, saboda kunya. To amma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ba su bar maganar a sake ba: sun so a sanar da ita tun farko cewa shirunta za a lissafa shi yarda, kuma a inda ake neman izininta, idan ta nuna ƙi, ko ta tashi ta bar wurin, ba a ɗaurawa. Malaman da suka rubuta wannan sun san shiru yana da harshe fiye da ɗaya. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta rufe ƙofar gaba ɗaya a nata fagen. Ta ce shiru ko rashin motsi ba ya zama yarda, kuma wanda ya yarda yana da damar janyewa duk lokacin da ya so.

Kada a ɗauka ina raina takarda. Mutanen ƙasar Kano, wadda Kazaure da Babura ke cikinta har zuwa 1991, sun ga abin da rashinta ke jawowa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya dage cewa ma'aikatan jinya sun yi bayani da baki kuma iyayen sun amince. Aka shafe shekaru a kotunan Najeriya da Amurka kafin a yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Idan aka tsefe shari'ar, wani babban ɓangarenta gardama ce kan abin da uwa mai riƙe da ɗa a cikin zazzaɓi take nufi da ta gyaɗa kai. Kuma da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, sunan Trovan yana cikin abin da mutane ke ambata. Saboda haka takarda tana da aiki: shaida ce cewa an tambaya. Ba ta shaidar cewa an fahimta.

Hoto kuwa yana da wata matsala tasa ta daban, yana da ƙafa. Wanda ya amsa tambayoyin mai bincike ana iya sauya masa suna a rahoto, a kira shi Malam Wane daga wani ƙauye. Fuska ba ta karɓar sunan aro. Ko an dusashe ta, mutanen gari za su gane zanen, su gane katangar, su gane bishiyar darbejiyar da ke ƙofar gidan. Sannan yardar ta yini ɗaya ce, hoton kuma na shekaru. Yarinyar da ta ce to tana 'yar 18, tana dariya da ƙawayenta a bakin rijiya, nan da shekara biyu matar wani ce a wani gari, dangin miji suna da WhatsApp. Kano ba ta manta 2007 ba, lokacin da bidiyon sirri na wata 'yar fim, wanda aka ɗauka da waya, ya bi wayoyin gari, har hukumar tace fina-finai ta dakatar da ɗaukar fim na watanni. Ba bincike ba ne wancan, amma tun daga lokacin kowace uwa a ƙasar Hausa ta san cewa yarda a ɗauka daban, yarda a yaɗa daban. Wang ɗin nan ma ta gano haka. A wani aiki da suka yi a garin Flint na Amurka, wanda suka yi rubutu a kansa a 2001, takardu uku suka tanada: ɗaya ta mai riƙe kyamara, ɗaya ta wanda kyamarar ta haska, ɗaya ta sakin hoton ga jama'a.

Ta tsakiyar nan ita ce ta fi wuya a wurinmu. A ce an ba wata budurwa a Gwiwa waya, an ce ta ɗauko abin da ke damun 'yan mata a gidajensu. Mai binciken namiji iyakarsa zaure, ba shiga. Wayar kuwa ta wuce zaure, ta wuce tsakar gida, ta shiga ɗaki. A cikin hoton akwai kishiyar uwa da ɗaurin ƙirji tana daka, akwai tsoho a kwance ba lafiya, akwai tukunyar da ba a ɗora ba har la'asar. Ba wanda ya tambaye su. Yarinyar ta zama idon baƙo a cikin gidansu, kuma in magana ta tashi ita za a tuhuma.

A nan ne nake ganin ainihin karon yake. Sana'ar mai bincike buɗewa ce, yana son a ga abin da ke ɓoye don a gyara. Addu'ar Bahaushe kuwa ta kullum ita ce Allah ya rufa asiri. Rufin asiri ya wuce ɓoye laifi nesa ba kusa ba. Shi ne magidanci ya fito da wankakkiyar riga ko da gidan an kwana da yunwa. Shi ne maƙwabciya ta aiko da tuwo ta bayan gida, ta ce ɗanɗano ne. Idan aka ce wane yana da rufin asiri, ana nufin bai kai ga nuna wa duniya babunsa ba. Mutumin da aka raina a kan wannan, ka ba shi kyamara ka ce ya ɗauko talaucinsu, ka nemi ya tona da hannunsa abin da uwarsa ta shekara ashirin tana lulluɓewa.

Misalin da ya fi kusa da mu a Kano aka yi shi. Hannah Hoechner, Bajamushiya wadda a lokacin take digirin digirgir a Jami'ar Oxford, ta yi zaman bincike cikin almajirai a birnin Kano da Albasu tsakanin 2009 da 2011. A 2011, da tallafin Cibiyar Goethe ta Kano, almajirai tara suka shirya fim mai suna Duniya Juyi Juyi. Su suka tsara labarin, su suka fito a ciki, su suka riƙe kyamara, su suka ba da umarni. Duk wanda ya kalle shi zai ga inda suka karkata: almajiri mai ladabi da himmar karatu, wanda masu gida ke wulaƙantawa, mutanen gari ke yi wa kallon ɓarawo. Sun yi amfani da fim ɗin su yi wa al'umma magana kan yadda take mu'amala da su. Da Hoechner ta zo rubuta maƙala kan aikin a 2015, sai ta sa mata take da kiran da almajiran ke yi, cewa a faɗi alheri a kansu ko a kame baki. Duk Musulmi ya san daga inda wannan lafazi ya samo tushe. A littafinta na 2018 kuma ta yi dogon bayani kan yadda almajirai ke lulluɓe talauci, su ba shi fassarar juriya da neman ilimi, don su tsira da mutuncinsu.

Mai neman gaskiya tsirara zai ce to ai fim ɗin bai faɗi komai da komai ba, ina zancen fatarar da ke sa uba ya tura ɗa birni? Ni a ganina wannan gibin shi ne shaidar cewa kyamarar ta shiga hannunsu da gaske. Da fim ɗin ya fito da duk abin da baƙo ke marmarin gani, tsumma da ƙoƙon bara da ƙuda, da sai in yi zargin hannun almajirai ne a kan na'urar amma idon wani ne a bayanta. Wanda ya mallaki labari yana da ikon ya rage wani abu. Abin da ya dace da mai bincike shi ne ya karanta ragin, ya tambayi kansa me ya sa nan ne aka rufe, kamar yadda ita ta yi, maimakon ya cusa hannu ya yaye.

Wannan ya kawo mu ga kalmar da aka fi ci wa amana a irin waɗannan ayyuka, wato "namu". Ranar buɗe taro mai bincike zai ce aikin nan namu ne gaba ɗaya, ku ne masu shi. Manomin ƙasar Kazaure ya san wani "namu" tun kafin zuwan boko, shi ne gandu. 'Ya'ya suna noma gonar gandu tare da uba, amfanin ya shiga rumbu ɗaya, maigida ne mai buɗewa. Ba daidaito a ciki, kuma ba wanda ya taɓa cewa akwai. Amma gandu yana da haƙƙoƙi sanannu, waɗanda Polly Hill ta rubuta dalla-dalla a littafinta na 1972 kan Batagarawa: uba zai ciyar, zai biya haraji, zai yi wa ɗa aure, zai yanka masa gayauna wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai, ya sayar ko ya ajiye. Ɗa kuma in ya ga ba zai iya ba, yana iya fita. "Namu" ɗin mai bincike sau da yawa bai kai gandu adalci ba. Rumbun yana cikin kwamfutarsa. Ba a faɗi abin da ya hau kansa ba. Ba gayauna, wato ba wani kaso na hotunan da aka ce wannan naki ne, ba zan taɓa shi ba sai kin ce. Fita kuma a baki ne kawai, domin ranar da aka buga littafi an gama.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ƙara wa abin armashi. A wurinta mai hoto shi ne wanda ya ɗauka, ba wanda aka ɗauka ba. Ke nan hoton da yarinyar Gwiwa ta ɗauka nata ne a doka, sai in wata takardar da ta sa wa hannu ta miƙa shi, kuma da wuya a ce an karanta mata wannan layin da Hausa. Fim kuwa, dokar ta ba da shi ga wanda ya yi tanadin shirya shi, sai dai in an ƙulla wata yarjejeniya daban. Wa ya yi tanadi? Mai kuɗi da mai wasiƙa. Samari su yi wata uku suna rubutu da haddar layi da ɗaukar kaya a rana, doka ta kalli wanda ya yi hayar kyamara ta ce kai ne mai shi. Kariyar tana kaiwa shekara 50 daga fitar aikin. Ɗan shekara 20 zai zama dattijo mai jikoki kafin ta ƙare.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu shan wannan ruwa. Jean Rouch, Bafaranshen da ya yi rabin ƙarni yana ɗaukar fim a can, shi ya yayata abin da ya kira nazarin al'umma na tarayya. Ya yi aiki da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Tallou Mouzourane tsawon rayuwa, har suka haɗa farkon sunayensu suka raɗa wa kamfaninsu. A 1958 ya fitar da fim kan 'yan ci-ranin Nijar a Abijan, jarumin shi ne Oumarou Ganda, tsohon soja da ya yi yaƙin Indocina ya dawo yana dako a tashar jirgin ruwa. Ganda ne ya yi magana da muryarsa a kan hotunan, rayuwarsa ce aka nuna. Fim ɗin ya ci kyauta a Faransa, sunan da duniya ta riƙe na Rouch ne. A 1965 Ousmane Sembène na Senegal ya gaya wa Rouch a fuskarsa cewa irinsu suna kallon 'yan Afirka kamar masu nazarin ƙwari. Ganda bai tsaya jayayya ba. Ya koyi sana'ar, ya shirya Cabascabo a ƙarshen shekarun 1960, ya sake ba da labarin sojan da ya dawo gida, wannan karon yadda shi ya ga dama. A 1972 fim ɗinsa kan auren mace fiye da ɗaya ya ɗauki babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu, karo na farko da aka ba da ita. Rouch ya buɗe masa ƙofa, wannan ba a musu. Amma mallaka ta zo ne ranar da Ganda ya daina zama abokin tarayya a aikin wani.

Ya rage zancen gazawa. Rahotannin ƙungiyoyi ba sa son kalmar, sun fi son "ƙalubale". Hausa tana da nata mayafin: abin bai yiwu ba, Allah bai nufa ba. Ni na fi son a faɗe ta, sannan a tambaya ta wace ce. Wani kason na mai tsarawa ne tsantsa. Wanda ya sa aikin wata shida da samarin Babura ko Roni ya fara shi bayan girbi bai san ƙasar ba, domin da an kai amfani gida rabinsu sun kama hanyar Kano da Abuja da Legas ci-rani, sai damina ta kusa. Lokacin ne kuma ake ɗaura aure, 'yan matan da aka fara da su su watse gidajen mazaje. Wanda ya raba waya mai tsada ga mutum biyar a unguwar da samari suka kai hamsin ya shuka gaba, ya bar waɗanda ya zaɓa da tambayar nawa aka ba ku. Wanda ya yi alkawarin cewa hotunan za su kai ga gwamnati a gyara rijiya, ya kira baje koli shugaban ƙaramar hukuma ya aiko wakili ya ci abinci ya tafi, ya ci bashin da ba shi zai biya ba. Waɗannan gazawa ne, a kira su da sunansu, a rubuta su yadda na baya zai amfana.

Ɗaya kason kuwa ba gazawa ba ne sam, sai dai a idon wanda ya riga ya rubuta sakamako a ransa. An ce a ɗauko matsalolin matasa, saurayi ya dawo da hotonsa sanye da shaddar sallah, ya jingina da babur ɗin yayansa. An ce a ɗauko wahalar ruwa, yarinya ta kawo lallen hannun ƙawarta. Wata ta ɗauki hotuna masu kyau, ranar zaɓe ta ce a goge duka, ba ta ba da dalili ba. Mai binciken ya koma masauki ransa a ɓace, yana lissafin abin da zai gaya wa malaminsa. Alhali saurayin ya gaya masa yadda yake so duniya ta gan shi, wanda ba ƙaramin bayani ba ne daga mutumin da kullum ake nuna irinsa a matsayin matsala. Mai gogewar kuma ta gwada alkawarin janyewa da aka yi mata, ta ga ko da gaske ne.

Rouch ɗin da na soka yana da wani abu guda da ya yi daidai. Ya ɗauki fim kan farautar dorina da masuntan Sorko ke yi a Kogin Kwara, ya sa masa kiɗa mai tsuma zuciya a Paris. A 1954 ya koma wurinsu a garin Ayorou da injin wuta da farin ƙyalle ya nuna musu. Suka kalla, suka sake kallo, sannan suka ce kiɗan nan kuskure ne, ba a farautar dorina da kiɗa, zai ƙara mata ƙarfin hali. Ya cire kiɗan. Komawar kanta ita ce abin lura, domin ita ce matakin da aka fi tsallakewa: kuɗin aiki sun ƙare, wa'adin jami'a ya cika, hanyar ƙauye ta lalace da damina. Sai a tura gaisuwa ta waya. Amma sai mutum ya ga fuskarsa a bango, ƙatuwa, jama'a na kallo, sannan yake sanin abin da ya yarda da shi. Tambayar da aka yi masa kafin nan tambaya ce kan abin da bai taɓa gani ba.

Amincewa da aminci da amana tushensu ɗaya, kuma Bahaushe ya san amana ba kyauta ba ce, ajiya ce, mai ita na iya zuwa ya ce a ba shi abinsa. Matsalar ita ce hoto ajiya ce da ba ta maiduwa da zarar ta fita. Idan ya hau Facebook na ƙungiya, ko wani ya tura wa wani ta Xender a rumfar mai cajin waya, babu dokar 2023 da za ta tattaro shi. Don haka alkawarin "kina iya janyewa duk lokacin da kika so" rabinsa gaskiya ne, kuma masu yin sa sun sani. Maganar da ta kamata a faɗa tun ranar farko, da Hausar da ba ta da kwana, ita ce: daga yau zuwa ranar kaza hotunan suna hannuna ni kaɗai, kina iya cewa in goge, ba zan tambaye ki dalili ba, kuɗin motarki kuma ba zai ragu ba. Ranar kaza zan dawo in nuna miki waɗanda nake so in fitar, ke kaɗai ko da wanda kika zaɓa, ba a gaban mai unguwa ba. Bayan ranar, abin da ya fita ya fita, ni ma ba ni da ikon dawo da shi, mijin da za ki aura zai iya gani, 'ya'yanki ma haka.

Wanda ya faɗi haka zai rasa mutane. Wasu za su ce sai sun yi shawara, shi kuma dole ya bar su ba bibiya. Hotunan da zai koma da su za su yi ƙaranci, kuma mai yiwuwa waɗanda suka fi taɓa zuciya su ne za a hana shi. Dawowar ta biyu tana cin kuɗin mota da kwanaki, ga shi ɗalibin kwalejin Kazaure da aljihunsa yake aikin, ma'aikacin ƙungiya kuma ofis ya yanka masa yawan hotunan da zai kawo. Gyaran ya fi ƙarfin yaron da aka tura ƙauye da takarda. Yana hannun malamin da ke duba kundi da jami'in da ke sa hannu a kasafi, su ne za su yanke ko babin da ya ce "an hana ni" zai ci maki, ko za a mayar da mai shi ƙauye ya ƙaro hotuna.